Ku bari Maris ya wuce kafin ku yanke hukunci

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa masu bin wasan besbol, da ku mazauna Amurka, musamman 'yan unguwar Bronx da filin Yankees ke kusa da ƙofarku, da ku 'yan tsirarun da ke hana ido barci a nan gida saboda wasan da ake bugawa can da tsakar dare.

Duk shekara, da zarar Fabrairu ya yi nisa, ƙungiyoyi 30 na MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, sun tafi sansanin atisaye, 15 a Fulorida, 15 a Arizona, sai bakinku ya buɗe. An doke ƙungiyarku sau uku a jere, kun ce a kori koci. Wani yaro ya buga ƙwallo ta haye katanga sau biyu, kun naɗa masa rawani. Har zagin iyaye ake yi a majalisa a kan wasan da su kansu masu buga shi ba su damu da wanda ya ci ba.

Wasannin share fage ba sa shiga lissafin kaka. Manyan 'yan wasa kan buga zagaye uku ko huɗu cikin tara, su yi wanka su kama gabansu tun ba a tashi ba. Mai jifa yakan fito da niyyar gwada salon jifa guda da yake koyo, ya yi ta maimaita shi ko da ana ta dukan ƙwallon. Wani lokaci ƙungiya kan rabu gida biyu ta buga wasa biyu a yini ɗaya, kuma ana iya tashi kunnen doki kowa ya watse. Ga busasshiyar iskar Arizona da ke sa ƙwallo ta yi nisan da ba za ta yi a wani gari ba. Da me za ka auna mutum a nan?

Ku tuna Shohei Ohtani a 2018, shekarar da ya baro Japan ya koma Angels. A share fage ya tsaya bugu sau 32, huɗu kacal suka yi kyau, a jifa kuma aka yi masa ruwan maki. Masu baki suka ce a tura shi ƙaramar gasa ya koyi wasa tukuna. A Nuwamban shekarar aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa na ɓangarensu. Waɗanda suka yi masa dariya a Maris, ina suka shiga?

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke yi da labarin rauni. Ɗan wasan ƙungiyar hamayya ya faɗi yana riƙe da gwiwa, mu kuma muna shewa. Namu ya ji ciwo, sai mu ce ya ci kuɗi ya kwanta. Haba jama'a! A Maris na 2023 Edwin Díaz, mai jifan da ke rufe wa ƙungiyar Mets wasa a zagayen ƙarshe, wanda bai daɗe da sa hannu a kwantiragin dala miliyan 102 ba, ya tsinke jijiyar gwiwa yana tsallen murna bayan Puerto Rico ta doke Jamhuriyar Dominika a gasar ƙasashe. A keken guragu aka fitar da shi, ƙaninsa da ke ƙungiyar Puerto Rico tare da shi yana kuka. Bai sake jifa ba a duk shekarar. Makonni biyu kafin nan Gavin Lux na Dodgers ya tsinke tasa jijiyar yana gudu a wasan share fage, a daidai lokacin da aka ba shi gurbin da ya daɗe yana jira. Mutum ne fa, yana da uwa, yana da iyali. Wanda ya yi dariya ga wanda Allah ya jarraba, wane tabbaci gare shi a kan tasa ƙafar?

Da kun san abin da hannun mai jifa ke sha, da kun sassauta. Mutum ya jefa ƙwallo da gudun da ya wuce kilomita 150 a awa, kusan sau ɗari a wasa guda, nauyin kuwa yana sauka ne a kan wata 'yar jijiya da ke cikin gwiwar hannu. In ta tsinke sai tiyata. A 1974 likita Frank Jobe ya fara yin ta a kan Tommy John na Dodgers: ya ciro jijiya daga hannunsa na dama ya dasa a gwiwar hannun hagu da yake jifa da shi. Ya warke, har ya ci wasa 164 bayan aikin, shi ya sa tiyatar ke amsa sunansa har yau. Sai dai jinyar kan ɗauki shekara guda zuwa shekara da rabi. Wannan ba hutu ba ne.

To, tunda rauni ba ya sallama, kuma babu ƙungiyar da ke gama wasa 162 cikin wata shida da mutanen da ta fara da su, hankalin mai hankali ya koma kan benci. Ƙungiya na shiga fili da mutum 26, tana da jerin 40 da za ta ɗebo daga ciki, a ƙarƙashinsu kuma ga yaran ƙananan gasa suna jira. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A Maris na 2024 gwiwar hannun Gerrit Cole na Yankees ta motsa, shi ne kuwa gwarzon masu jifa na ɓangarensu a shekarar da ta gabata. Magoya bayan Yankees da yawa suka ce kaka ta mutu tun ba a haife ta ba. Aka ba gurbinsa ga Luis Gil, mai lamba 81 a riga, wanda shi ma daga tiyatar Tommy John ya taso. Ya ci wasa 15, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, Cole ya dawo a Yuni, ƙungiyar ta kai World Series, zagayen ƙarshe na ɗaukar kofi, a karon farko tun 2009. Can ma Dodgers da ta doke su, da masu fara jifa uku kacal ta lallaɓa, sauran suna jinya.

Haka Braves a 2021. Ronald Acuña Jr. ya tsinke jijiyar gwiwa a Yuli, ƙungiyar ma ba ta ci rabin wasanninta ba a lokacin. Shugabanninta suka kwaso Joc Pederson, Adam Duvall, Eddie Rosario da Jorge Soler, babu wanda ake rububinsa a cikinsu. Rosario ya zama gwarzon zagayen kusa da ƙarshe, Soler gwarzon World Series, suka ɗauki kofi. Ban ce kullum haka take ƙarewa ba. Mets na 2023, duk da sun fi kowa kashe kuɗi, wasa 75 suka ci aka cinye su 87, kuma ba rashin Díaz kaɗai ya jawo ba.

Wani abu kuma, a taƙaice, don na san akwai masu yi a ɓoye: caca. Haramcinta a fili yake, ba sai na ja aya ba. Amma ko a ma'aunin wauta, zuba kuɗin gumi a kan wasan da koci ke cire gwanayensa a zagaye na huɗu ya wuce misali.

In har za ku kalli share fage, kada ku kashe talabijin idan manya suka fita. Ku zauna zuwa zagaye na bakwai da na takwas, lokacin da ake sako yara masu lamba 70 da 80 da 90 a baya. Ku duba wanda jifarsa ke shiga inda ya nufa, da wanda ke iya tsare gurbi biyu ko uku a fili, da wanda ba ya kai bugu ga kowace ƙwallo da aka jefo masa. Su ne za a kira a waya cikin dare a watan Yuni, ran da gwiwar wani babba ta ƙi.