Shagon Obi da ɓarayin Osinbajo: wa ya ci muhawarar nan?

Shekaranjiya wani abokin karatunmu ya jefo guntun bidiyon muhawarar 'yan takarar mataimakin shugaban ƙasa ta 2018 a zaurenmu na WhatsApp. Kafin la'asar gardama ta kaure kamar jiya aka yi abin, har sai da mai kula da zauren ya kulle bakin kowa zuwa bayan isha'i. Masu cewa Peter Obi ya yi wa Farfesa Yemi Osinbajo wankin babban bargo suna nan, masu cewa Farfesa ya mayar da Obi aji su ma suna nan. Abin da ya ba ni dariya shi ne wasu sun sauya layi. Akwai wanda na san a wancan daren har tafi ya yi wa Osinbajo, yau kuma yana rantsuwa cewa tun farko ya san Obi ne mai gaskiya. Na yi shiru a can saboda zumunci, amma bari in faɗi nawa a nan.

Ga waɗanda suka manta, daren Juma'a ne, 14 ga Disamba 2018, a otal ɗin Transcorp Hilton da ke Abuja. Mutum biyar aka jera: Osinbajo na APC, Obi na PDP, Umma Getso ta YPP, Khadijah Abdullahi-Iya ta ANN, da Ganiyu Galadima na ACPN. Ni a teburin mai shayin unguwarmu na kalla, domin an ɗauke wuta tun yamma, shi kuwa yana da ɗan injinsa da talabijin a saman benci. Sanyin hunturu ya sauka, kowa ya naɗe da mayafi ko rigar sanyi, ni da wani malamin firamare muna yi wa sauran tafinta. Ku riƙe wannan batu na tafinta, zan komo kansa.

Hukuncina ba shi da kwana-kwana: Osinbajo ne ya ci wancan daren. Ban ce ya fi gaskiya ba, domin wannan wata magana ce daban. Amma in dai muhawara ake nufi, wato wa ya fi iya riƙe fili, ya amsa abin da aka jefo masa ba tare da ya rikice ba, to Farfesa ya tafi da ita. Kuma babu abin mamaki. Mutumin nan tsohon malamin shari'a ne a Jami'ar Legas, babban lauya ne, ya yi kwamishinan shari'a na jihar Legas daga 1999 zuwa 2007, ga shi fasto da ya saba tsayawa gaban jama'a duk mako. Magana sana'arsa ce. Obi kuwa ɗan kasuwa ne da ya taso a Onitsha, ya shugabanci hukumar gudanarwar banki, ya yi gwamnan Anambra har 2014. Shi da lissafi yake tunani. Da ka tambaye shi abu sai ya zaro alƙaluma, ya kai ka China, ya dawo da kai da wasu alƙaluman. A daren nan ya ambaci China har mai shayi ya tambaye ni ko can zai yi mataimakin.

Wurin da kowa ke tunawa shi ne batun shago. Obi ya ce yaƙi da cin hanci ba tsarin tattalin arziki ba ne, mutum ba zai kulle shagonsa ya tafi bin ɓarayi ba. Wallahi da ya faɗi haka sai da teburin ya ɗauki shewa, har 'yan a-mutun Buhari, saboda misali ne da duk wanda ya taɓa zama a kasuwa zai gane. Sai Osinbajo ya mayar masa cewa in ka bar ɓarayi suka kwashe kayan shagon kaf, ai babu sauran shago. Nan take aka juya. Ya karɓi misalin mutum, ya buge shi da shi, a jimla ɗaya. Ko ba ka son APC dole ka sara masa a nan.

Amma akwai wani dattijo da ke zama da mu, tsohon mai shagon atamfa a Kantin Kwari, wanda bai ce uffan ba sai da muka gama fassara masa. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Malam, su duka biyun ba su taɓa rasa shago ba. Ɓarawon da ke shigowa daga waje ihu ɗaya za ka yi, 'yan layi su tare maka shi. Wanda ke karya mutum shi ne yaron da ka ba wa makulli." Na ce, "Baba, ai da kai aka tsayar a can." Har yau ban ji sharhin da ya kai wannan ba, duk da tarin masana da suka cika gidajen talabijin washegari. Domin a lokacin da ake wannan magana, shekara guda kenan da 'yan watanni da tonuwar yadda aka mayar da Abdulrasheed Maina bakin aiki a ɓoye a 2017, mutumin da ake nema kan kuɗin 'yan fansho, wanda daga baya kotu ta ɗaure shekara 8 a 2021. A cikin shagon aka buɗe masa ƙofa. Da ni ne Obi, nan zan danna har sai Farfesa ya yi gumi. To amma shi ma da wane baki? Yana ɗauke da kayan shekara 16 na PDP a ka, kuma duk lokacin da aka matsa wa Osinbajo, can yake komawa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Inda na fi so mu daɗe shi ne tallafin mai, domin nan ne lokaci ya yi mana alƙalanci, kuma bai bar kowa da cikakkiyar nasara ba. Obi ya ce tallafin ɓarna ne, ana zuba maƙudan kuɗi a kan rashin iya aiki alhali ilimi da lafiya suna kwance. Osinbajo ya ce in aka cire shi lita za ta iya kaiwa naira 220, kuma talaka ne zai ji a jikinsa. A lokacin ana sayar da lita naira 145. Na tuna yadda wani ɗan acaɓa da ke gefe ya dafe kai da jin 220, ya ce ai sai dai a jingine babura.

A wannan gaɓar Obi ya yi wa kansa illa. Ya ce motocin ƙasar nan wajen miliyan biyu ne, alhali ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna sun haura miliyan 11. Mutumin da duk ƙarfinsa alƙaluma ne, in aka kama shi da kuskure irin wannan, sauran lissafin nasa ma sai a fara kallonsa da ido ɗaya. Ban da haka, fetur a Najeriya ai ba na masu mota ba ne kawai. Injin da muke kallon muhawarar da shi fetur yake sha. Mai markaɗe, mai aski, mai cajin waya, manomin rani da ke ban ruwa a Kadawa, duk a kan litar nan suke. Wanda ya auna tallafi da yawan motoci bai zauna da mu ba.

Sai dai shi ma Farfesa akwai abin da ya lulluɓe. Gwamnatinsu ce a watan Mayun 2016 ta ɗaga farashi daga naira 86 da kobo 50 zuwa 145, aka ce mana an rabu da tallafi. Da ya dawo ta bayan gida sai aka sauya masa suna, kamfanin mai na ƙasa yana cire kuɗin daga abin da ya kamata ya shiga asusun tarayya. Kuma da yawa daga cikin manyan tafiyar tasu su ne suka mara wa zanga-zangar Janairun 2012 baya, lokacin da Jonathan ya kai lita 141 daga 65, aka rufe ƙasa har ya sauko zuwa 97. Saboda haka kare tallafi a bakin Osinbajo ya yi daɗin ji, amma bai gaya mana har yaushe za a iya ci gaba da biya ba, kuma da kuɗin wa.

Ga yadda ta ƙare. Ranar 29 ga Mayu 2023, shugaban da jam'iyyar Osinbajo ta tsayar, Bola Tinubu, ya sanar a jawabin rantsuwa cewa tallafi ya tafi. Cikin kwanaki lita ta koma wajen naira 500, a Yuli ta kai 617, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Wato jam'iyyar Farfesa ce ta aiwatar da maganar Obi, kuma wahalar da Farfesa ya hango ta zo ta ninka abin da ya faɗa. Masu yaɗa bidiyon yanzu suna cewa "ga shi Obi ya faɗa" su tuna cewa abin da suke kuka da shi a gidan mai shi ne abin da ya nema. Na san za a ce shi da ya cire zai zuba kuɗin a makarantu da asibitoci. Mai yiwuwa. Ba mu gwada ba. Masu cewa "Osinbajo ya gargaɗe mu" su ma su tuna wa ya riƙe wuƙar.

Akwai inda Obi ya fi ƙarfi, kuma ban ga an ba shi hakkinsa ba a lokacin. Da ya yi maganar talauci da rashin aikin yi, gaskiya ya faɗa. A tsakiyar shekarar 2018 ne rahoton cibiyar Brookings ta Amurka ya ce Najeriya ta wuce Indiya a yawan masu fama da matsanancin talauci, mutum wajen miliyan 87. Ba a yi mako guda da muhawarar ba Hukumar Ƙididdiga ta fitar da cewa rashin aikin yi ya kai kashi 23.1 cikin ɗari. Amsar Osinbajo ita ce N-Power, ciyar da 'yan firamare, da TraderMoni, jarin naira dubu goma da yake bi kasuwa-kasuwa ana rabawa ana saura 'yan watanni zaɓe. Na san matasan da N-Power ta rufa wa asiri, ba zan raina ba. Amma dubu goma ba ta amsa tambayar miliyan 87.

To, batun tafinta. An yi muhawarar nan da Turanci daga farko har ƙarshe. A teburinmu mutum biyu ne ke bin ta kai tsaye, sauran abin da muka ga dama muka ba su. Kuma ina mai shaida cewa abokin tafintar tawa, da yake ɗan Buhariyya ne na gidi, in Obi ya yi magana mai ma'ana sai ya taƙaita ta da "surutun China ne", in Farfesa ya yi tari sai ya fassara shi da bayani. Ni ma ban wanke kaina ba. Haka aka yi a dubban majalisu, in ma an kalla. Da aka zo zaɓe ranar 23 ga Fabrairu 2019, Kano ta ba Buhari ƙuri'a sama da miliyan 1.4, Atiku bai kai dubu 400 ba. Ba na jin shago ko ɓarayin shago sun motsa ƙuri'a ɗari a ciki. Su kansu iyayen gidan sun nuna mana matsayin abin a wurinsu: ranar 19 ga Janairu da aka shirya ta 'yan takarar shugaban ƙasa, Buhari bai zo ba, Atiku ya zo har otal ɗin, da ya ga babu Buhari ya juya.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sa ido a kan wanda ake ɗorawa a kujerar mataimaki. Mun ga yadda rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa ranar 5 ga Mayu 2010 ta mayar da Jonathan shugaban ƙasa. Mun ga Osinbajo ya riƙe ƙasa fiye da kwana ɗari a jere a 2017 lokacin jinyar Buhari a Landan, kuma a Agustan 2018 yana muƙaddashi ya sallami shugaban hukumar tsaro ta farin kaya, Lawal Daura. Tsarin mulki ma mataimaki ya ba shugabancin Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni ke zama. Duk da haka har yau ban ga manyan gidajen rediyonmu sun haɗa kai sun tilasta a yi irin wannan zama ana fassara shi kai tsaye da Hausa ba, yadda mai shayi zai yanke hukuncinsa ba sai ta bakina ba.

Da aka buɗe zauren bayan isha'i, tambaya ɗaya na jefa. Na ce mata biyu 'yan Arewa sun tsaya a dandalin nan daren, Umma Getso da Khadijah Abdullahi-Iya, wa zai tuna mini abu ɗaya da ɗayarsu ta faɗa? Shiru. Can wani ya rubuto, "Au, dama da mata a wurin?" Shi ne kuwa wanda ya fi kowa zafi da rana, yana cewa ya kalli muhawarar daga farko har ƙarshe.