Ba a fafe gora ranar tafiya: jarrabawa a kwamfuta, karatu da alli

Tun kafin a kira assalatu muka bar gida, ni da 'yar yayana, domin takardar da aka buga mata ta ce ta kasance a cibiyar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB da ƙarfe shida da rabi na safe. A hanya ba ta tambaye ni komai a kan Turanci ko Kimiyya ba, waɗannan ta sha karatunsu. Sai da muka kusa isa ta ce, "Baffa, in na danna wani abu amsoshina suka goge fa?" Yarinyar nan ta shekara shida tana darasin kwamfuta a makarantarsu, kuma tana cin darasin da maki mai kyau. Malaminsu yakan zana kwamfutar a allo da alli, ya ja kibiya ya rubuta sunan kowane sashe, su kwafa a littafi su haddace. Kwamfutar gaske kuwa kwana uku kacal ta taɓa zama a gabanta, a wani kafe, wato shagon intanet, da muka biya aka koya mata riƙe linzamin kwamfuta (mouse). Da ta fito na tambaye ta yaya, ta ce mintunan farko hannunta rawa yake yi, alhali yaron da ke gefenta tuni ya yi nisa kamar mai wasa.

Tun daga ranar nake jin muhawarar da muke yi a majalisa da shirye-shiryen rediyo kan intanet da karatun yara da wani kunne daban. Dattijo zai kira waya ya ce wannan abu ya lalata tarbiyya, yara sun koma TikTok da cacar ƙwallo, ba a ganin kowa da littafi. Matashi zai kira ya ce Baba ka yi haƙuri, yanzu ko aikin gida malami ta WhatsApp yake turowa. Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma suna gardama ne a kan shari'ar da aka riga aka yanke ba tare da an kira su shaida ba. Gwamnati ta daɗe da mayar da kwamfuta da intanet ƙofar shiga ilimi mai zurfi. Ko uba yana so ko ba ya so, ɗansa ba zai taka jami'a ba sai ta nan.

A duba matakan. JAMB ta fara gwada jarrabawa a kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta yi sallama da takarda da fensir gaba ɗaya. Daga 2021 ba a rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda ɗalibi zai tura ta saƙon waya zuwa 55019 kafin a ba shi lambar buɗe rajista. Sai adireshin imel, sai buga takardar da ke nuna rana da wurin jarrabawa, sai duba sakamako, sai shiga shafin hukumar a karɓi gurbin karatu idan an samu. Lamunin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 shi ma ta intanet ake nema. Ɗan birni mai waya da data yana gama wannan yana kwance a ɗaki. Ɗan ƙauye kowane mataki kuɗin mota ne da kuɗin mai kafe. Sau da yawa ma mai kafen ne yake ƙirƙirar imel ɗin, ya rubuta kalmar sirri a bayan wata 'yar takarda, takardar ta ɓace, ranar da ake neman shiga shafin kuma a tarar ya tashi daga shagon.

Kada a ɗauka ina kewar zamanin takarda. Wanda ya san yadda ake sayar da tambayoyi tun daren jarrabawa, da cibiyoyin da ake rubuta wa yara amsa a allo, ba zai yi kewarsa ba. A kwamfuta, tambayarka ta ɗaya ba lallai ta zama ta ɗayan maƙwabcinka ba, sakamako kuma yana fitowa cikin kwanaki. JAMB ma ta yi ƙoƙarin sauƙaƙawa: wanda bai iya linzami ba zai iya danna A, B, C ko D ya ba da amsa, N ya wuce gaba, P ya koma baya. Kuma duk mun ga abin da ya faru a watan Mayun 2025, lokacin da aka jinkirta takardar Turanci ta jarrabawar kammala sakandare ta WAEC saboda fargabar tambayoyin sun fita, yara suka yi ta rubutu cikin dare da fitilar waya da tocila. Takarda ma tana da nata abin kunyar.

Sai dai a watan Mayun nan na 2025 ne kuma ita JAMB ta yi nata tuntuɓen, kuma akwai abin lura a cikinsa da ban ji an tsaya a kai ba. Da sakamakon 2025 ya fito, sama da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai maki 200 ba. Da farko aka yi ta cewa ai alama ce an toshe hanyar satar amsa. Iyaye da ɗalibai suka ƙi yarda, suka cika X da Facebook da hotunan sakamako, suka kwatanta da abin da yaran suka samu a baya, har da barazanar zuwa kotu. Cikin 'yan kwanaki shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana share hawaye, ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Na jinjina masa, domin amsa laifi ba ɗabi'ar manyanmu ba ce. Amma me ya sa gaskiya ta fito? Saboda waɗanda abin ya shafa suna da sabis, suna da data, sun san inda ake ɗaga murya a ji. A ce irin wannan ta faɗa wa yaran wani ƙauye da sai an hau tudu ake samun sabis, iyayensu za su ce Allah bai nufa ba, a jira baɗi.

Nan ne matsalar abin da muke kira ra'ayin jama'a take. Idan jami'i ya ce 'yan Najeriya sun shirya komawa kwamfuta, daga ina ya ji? Daga waɗanda ke kan intanet. Wanda ba shi da sabis ba ya cikin zauren da ake tattauna maganar sabis, ba ya cike fom ɗin jin ra'ayi, ba ya mayar wa minista martani. Shirunsa sai a lissafa shi a matsayin amincewa.

Da irin wannan lissafi ne Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar a watan Afrilun 2025 cewa WAEC da NECO su ma za su koma kwamfuta, a fara da tambayoyin zaɓi, zuwa 2026 a haɗa har da na rubutu. A watan Nuwamba Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta zuwa 2030 don a tanadi kayan aiki. Ni ba shekarar ce ta dame ni ba, ko an kai 2030 in ba a yi komai a tsakani ba, nan za a same mu. JAMB zama ɗaya ce ta 'yan sa'o'i, ga wanda ke neman wucewa gaba. WAEC kuwa makonni ake yi, darussa takwas ko tara, kuma duk wanda ya gama sakandare sai ya bi ta kanta, har wanda burinsa takardar shaida kawai ya nemi aikin ɗan sanda. Danna A ko B daban, rubuta insha'i daban. Ko a tsarin da WAEC ta gwada da masu zaman kansu a 2024, inda ake karanta tambayar rubutu a fuskar kwamfuta a amsa a takarda, yaron da bai saba karanta dogon nassi a gilashi yana ja sama da ƙasa ba ya riga ya yi asarar lokaci. Idan kuwa aka kai ga buga amsa da madannai, to abin da za a auna saurin yatsu ne, kuma mun san 'ya'yan wa ke da shi.

Ga kuma hanyar da intanet ɗin zai bi ya isa makarantun. Tsarin ƙasa na faɗaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kaiwa kashi 70 cikin ɗari, aka ƙare ana lilo a wajajen kashi 50. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Kamfanonin suna da hujja, dizal da dala sun tashi, amma malamin da albashinsa ke ƙarewa kafin goma ga wata shi ne zai sayi datar da zai binciko abin koyarwa. Kamfani ba ya kafa turken sabis don Allah, inda zai mayar da kuɗinsa yake zuwa. Saboda haka ne dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF, don a kai sabis wuraren da ba riba. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tambayar makarantu nawa asusun ya haɗa a mazaɓunsu, kuma nawa ne har yau suke aiki. Gwamnoni ma suna da nasu kason. An yi matsaya cewa kuɗin haƙa hanyar binne wayar intanet kada ya wuce naira 145 kowace mita, Kaduna ta yafe shi baki ɗaya a 2020, amma an daɗe ana fama da jihohin da suke kallonsa a matsayin hanyar tara haraji. Jihar da ta tsauwala, wayar sai ta kewaye ta.

Mu a Arewa maso Yamma mun ma ga abin da ya fi tsada muni. A watan Satumban 2021 aka kashe sabis a duk faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, aka ce mako biyu ne, wasu yankunan suka shafe sama da wata biyu. Mutanen Gusau suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don buga waya kawai, kafin ita ma Funtuwar ta shiga cikin ƙananan hukumomi 13 da aka rufe a Katsina. Sakkwato da Kaduna suka bi sahu a wasu sassa. Ba zan shiga gardamar ko matakin ya yi amfani ta fuskar tsaro ba. Amma gwamnatin da ke cewa ba karatu sai ta intanet ita ce ta kashe intanet ɗin, kuma ba wanda ya tsaya ya ƙirga ɗaliban da wa'adin wani fom ya wuce su a wannan tsakanin.

Da zarar an yi wannan ƙorafi, amsar 'yan siyasa ɗaya ce: rabon kwamfuta. Tana da daɗin hoto. Tun 2007 aka kai wasu ƙananan kwamfutocin yara masu launin kore makarantar firamare ta Galadima a Abuja, ba a jima ba labarin da ya fi yawo shi ne yara sun faɗa shafukan batsa. A 2013 gwamnan Osun na lokacin, Rauf Aregbesola, ya fito da Opon Imo, allon hannu mai ɗauke da littattafai da tsofaffin tambayoyi wanda ba ya buƙatar intanet, dabara mai kyau, amma yau ba a jin ɗuriyarsa. Ni da idona na ga ɗakin kwamfuta a wata makarantar gwamnati, an ja masa kwaɗo biyu, na'urorin suna cikin ledarsu ƙura ta rufe. Shugaban makarantar ya ce mini babu wuta, babu kuɗin mai, babu malamin da ya iya, kuma in guda ta ɓace a albashinsa za a cire. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya kawo kayan ya ɗauki hotonsa ya tafi, bai bar ko faifan sola ɗaya ba.

Shi ya sa ba na son yadda ake yi wa iyaye masu fargaba kallon ƙauyawa. Uban da ya hana 'yarsa babbar waya ya ga abin da ya gani a unguwa. Kuskuren shi ne an bar masa zaɓi biyu kawai, ko ya miƙa mata waya ta shige ɗaki da ita ba mai duba ta, ko ta je jarrabawa hannu na rawa. Kwamfuta a makaranta, da rana, gaban malami, da shafukan da aka tace, ita ce za ta raba wannan gardama, kuma ban taɓa jin uban da ya ƙi ta ba.

Kayan aikin ma wasu suna nan a ƙasa. Kowace cibiyar da JAMB ta amince da ita sai tana da kwamfuta aƙalla 250 da janareta, kuma akwai ɗaruruwansu a ƙasar nan, da yawa in an gama kakar jarrabawa sai su zauna shiru. Me zai hana gwamnatin jiha ta yi yarjejeniya da masu su, 'yan aji huɗu zuwa shida na makarantun gwamnati da ke kusa su riƙa zuwa sau ɗaya a mako, a biya daga kasafin ilimi? Makarantun da ke nesa a ba su sola da kwamfuta ko ashirin ce, a zuba littattafai da tambayoyi a ciki yadda za su yi aiki ko babu sabis, a horar da malami biyu, a ware kuɗin gyara duk zango. NCC kuma da ta amince da ƙarin kashi 50 tana da bakin da za ta ce shafukan JAMB da WAEC da NECO da NELFUND a buɗe su ba tare da cin data ba. Sannan a ɗaure ranar komawa kwamfuta da sharaɗi: duk makarantar da ɗalibanta ba su shekara suna taɓa na'ura ba, a bar ta da takarda tukuna.

'Yar yayan nawa ta samu makin da ya kai ta kwalejin ilimi, ba abin da ta so ba, amma ta tafi. Ƙanenta yanzu yana aji huɗu a makarantar da ta gama, yana cikin waɗanda ake cewa za su rubuta WAEC a kwamfuta. Makon jiya ya kawo mini littafinsa in sa hannu a aikin gida. Malamin nan ne dai, zanen nan ne dai, ya ba shi tara cikin goma, ya rage masa ɗaya saboda ya manta bai zana wa linzamin igiya ba.