Matashin da ya yi fyaɗe: a tsare shi, amma ba cikin manya ba

Duk ranar da aka kama ɗan shekara 15 ko 16 da laifin fyaɗe sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce a dandaƙe shi, wasu su ce ai ƙuruciya ce, a rufa asiri. Ban goyi bayan ko ɗaya ba, amma na biyun ya fi ci mini rai, domin shi ake aikatawa a unguwanninmu. A taru a zauren mai unguwa, uban yaron ya biya kuɗin magani, a shafa fatiha. Washegari yarinyar ta fito ɗebo ruwa ta ga wanda ya lalata mata rayuwa zaune a bakin layi.

Dokokinmu kansu ba su yi magana da murya ɗaya ba. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta tanadi ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci shekara 12 ba zaɓin tara, shekara 20 idan taron dangi aka yi, wanda kuma bai kai shekara 14 ba kada ɗaurinsa ya wuce shekara 14. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuwa ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, kotun iyali ce za ta saurari shari'arsa, ba a kai shi kurkuku, ba a yanke masa hukuncin kisa. Kaduna kuma a 2020 ta kawo dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Ɗan 16 yana tsakiyar wannan ruɗani.

Ra'ayina shi ne a tsare shi, tsarewa ta shekaru, ba ta makonni ba. Alƙali ya duba tazarar shekaru tsakaninsa da wadda ya cuta, ko ya shirya abin, ko ya riƙe wuƙa, ko ya sa mata ƙwaya a lemo, ko ya ɗauki bidiyo ya yaɗa, ko ya taɓa yi a baya. Ɗan 17 da ya yaudari 'yar shekara 5 da alewa ya ja ta kango ya san abin da yake yi sarai. Ɗan 11 da ya kwaikwayi abin da ya gani a waya, shi kuwa a fara bincikar ko wani babba ne ke lalata da shi.

Amma a ina za a tsare shi? Jefa shi ɗaki ɗaya da manyan fursunoni ba gyara ba ne, ƙila a yi masa irin abin da ya yi, ya fito ya fi da muni. Gidajen horon matasa na tarayya, irin na Kaduna da Ilorin da Abeokuta, ba su isa ƙasa mai jiha 36 ba. Kowace jiha na buƙatar nata, mai makaranta da koyon sana'a da likitan ƙwaƙwalwa da zai zauna da yaron a kai a kai, in an sallame shi kuma a ci gaba da sa masa ido, kada a mayar da shi layin da yarinyar take.

Duk wannan fa sai an tabbatar da laifi, kuma a ranar farko yawancin shari'u suke mutuwa. Uwa cikin firgita ta yi wa 'yarta wanka da ruwan zafi, ta wanke zani da wando, shaida ta bi ruwa. Iyaye, kada ku yi mata wanka. Ku naɗe kayan a takarda, ba a leda ba, domin danshi na ɓata shaida, ku nufi asibiti nan take. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Ku tabbata likita ya rubuta rahoto ya sa hannu.

Sai batun shekaru. Da zarar an kama ƙato mai 20 sai ka ga an yi rantsuwa a kotu ya koma ɗan 16. Kotu ta nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da rajistar shigarsa firamare da katin rigakafinsa, in babu su a sa likita ya ƙiyasta.