Dokar tsaron kotu: a duba gini kafin a ƙaro bindiga

Duk sanda aka taso da batun yi wa kotuna dokar tsaro, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne a ƙaro 'yan sanda. Ni a ganina, in Majalisar Dokokin Jihar Kaduna za ta yi wannan doka, ginin kotun ya kamata ta fara dubawa. Kuma kada ta tsaya kan babbar kotu irin ta Dogarawa a Zariya, ta haɗa da kotunan majistare da na shari'ar Musulunci. Rigimar gado da ta gona da ta saki da riƙon 'ya'ya galibi a ƙananan kotuna ake yin su, kuma can ne rai ya fi ɓaci.

Babbar matsalar ita ce hanya. Alƙali da wanda ake tuhuma da jama'a bai kamata su bi baranda ɗaya ba. In motar gidan gyaran hali ta tsaya a fili, gandirobobi suka ratso da mutum da ankwa ta tsakiyar danginsa da dangin wanda aka cuta, nan ake miƙa masa reza ko ƙwaya, nan kuma ake kai masa duka. Ya kamata dokar ta ce motar ta shiga ta ƙofar baya ta tsaya dab da ɗakin tsarewa, daga nan kai tsaye zuwa akwatin tuhuma. Ɗakin ya zama da iska da ruwa da bayan gida, na mata daban, na yara daban. Shaida ma a ba shi wurin jira nasa, domin wanda ya wuni a benci ɗaya da 'yan uwan wanda zai ba da shaida a kansa, da wuya ya faɗi duk abin da ya gani.

Binciken bakin ƙofa kuwa, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, don haka ba rufe ƙofa ake nema ba. Na'urar gano ƙarfe mai kama da ƙofa tana bukatar wuta, in an ɗauke ta zama ado. Ta hannu mai batir ta fi dacewa da mu, amma a sa kuɗin batir a kasafi. Dole a samu jami'a mace da labule, in ba haka ba mai hijabi ko dai a tozarta ta ko a bar ta ta wuce ba bincike. Lauya da ma'aikacin kotu su ma a bincike su.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne gobara. A watan Oktoban 2020 an ƙona babbar kotun Igbosere a Legas, fayiloli suka salwanta. Ba sai masu tarzoma sun zo ba: tsohuwar waya, jarkar man janareto a gefen kabad, takardu jibge har silin, ga iskar hunturu, sun isa. Tukunyar kashe gobara iri-iri ce. Mai ruwa ba ta wutar lantarki ba ce, nan mai hoda ko mai iskar kabon ake so. A duba allurar mai hodar kowane wata, a ga tana kan kore, a kai ta gyara duk shekara. Ɗakin shari'a ya samu ƙofa biyu masu buɗewa waje, domin in mutane suka rude suka danno, ƙofar da ke buɗewa ciki ba ta buɗuwa, tagogi kuma duk an yi musu ƙarfe. Ɗakin kayan shaida a sa masa kwaɗo biyu a hannun mutum biyu, bindigar da aka kawo shaida a cire mata harsashi a rubuta lambarta a rajista.

Sai dai mun ga yadda dokar kare haƙƙin masu bukata ta musamman ta kasance. An sa mata hannu a 2019, aka ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara, wa'adin ya wuce, har yau mai keken guragu ɗaukarsa ake yi a matakalar ofisoshi da yawa. Saboda haka ya kamata dokar tsaron kotun ta faɗi wanda zai yi aikin da sunan muƙaminsa: babban magatakarda ya riƙe kuɗin a layinsa na kasafi, 'yan kwana-kwana su duba kowace kotu duk shekara, rahoton ya je gaban majalisa, kotun da ta kasa kuma a ba ta wa'adin gyara, in ya cika a mayar da zamanta wani ginin.