Malamin da ke fitar da yara waje ya cancanci lambar yabo

Idan aka tashi raba lambobin yabo na kare muhalli, wanda ke da abin ƙirgawa ake fara kira: bishiya nawa ya dasa, kadada nawa ya farfaɗo, wane daji ya hana a sare. Malamin da ya shafe shekaru yana koya wa yara sunayen tsuntsaye da ciyayi ba shi da lissafin da zai ajiye gaban alƙalai. Gonarsa sai bayan shekara ashirin take nuna, kuma wani ne zai girbe. A ganina, wannan malamin ne aka fi tauye wa haƙƙi.

Alhali kuwa manyan da duniya ke tinƙaho da su, koyarwa ce ginshiƙin aikinsu. Ana tuna Wangari Maathai ta Kenya da lambar Nobel ta 2004 da bishiyoyi sama da miliyan 50. Amma malamar jami'a ce a Nairobi, kuma ƙungiyar Green Belt Movement da ta kafa a 1977 ta tsayu ne kan zama da matan karkara ana koya musu tara iri da rainon dashe, ana nuna musu alaƙar sare daji da ƙafewar rafi. Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da dabarar noma da ake kira "zai": a haƙa rami tun da rani, a zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar nutsewa. Da ya riƙe sirrin a gonarsa, da abin ya mutu tare da shi a 2023. Sai ya riƙa tara manoma suna musayar iri, yana nuna musu da hannunsa. Ita kuwa Jane Goodall, masaniyar birai 'yar Birtaniya, da ɗalibai 12 ta fara shirin matasa na kula da muhalli mai suna Roots & Shoots a Tanzaniya a 1991.

Gwamnatoci sun daɗe da amincewa da wannan a takarda. Tun 1977 aka yi taro a birnin Tbilisi na Jojiya, inda hukumar ilimi ta UNESCO da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tara ƙasashe kan ilimin muhalli. Duk da haka, a 2021 UNESCO ta duba tsarin manhajar ƙasashe 100, ta tarar kashi 47 cikin ɗari ba su ambaci sauyin yanayi ba ko sau ɗaya. Ma'ana, a wurare da dama malamin da ke wannan aiki da ganin damarsa yake yi, yana tsakuro lokaci daga wani darasi.

Abin da ya fi burge ni ga irin waɗannan malamai shi ne sun san abin da ya kamata ya zo farko. Yaron da aka fara masa da labarin ambaliya da fari da narkewar ƙanƙara, tsoro zai kwasa, kuma mai tsoro kau da kai yake yi. Wanda kuwa aka ba shi ƙwayar iri ya binne, ya yi ta leƙawa kullum har ta tsago ƙasa, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba ranar da ya ga an ɗaga gatari. Mutum ba ya kare abin da bai san sunansa ba.

Akwai masu cewa lambar yabo kan haifar da aikin ganin ido, kuma suna da hujja. Kowa ya san dashen 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, da ake ɗaukar hoto a watse, bayan wata guda dashen ya bushe. Maganin wannan shi ne gyara ma'auni. Alƙalai su koma makarantar bayan shekara uku su ga ko bishiyoyin na raye, su nemo tsofaffin ɗalibai su ji me ya zauna a ransu.

Sannan kyautar kanta kada ta tsaya ga allon girmamawa. A ba malamin sa'a guda tabbatacciya a jadawalin mako, da ɗan fili a harabar makaranta, da ruwan ban dashe, da kuɗin motar da za ta kai ɗalibansa bakin kogi ko gandun daji mafi kusa.