Kwamfuta ba ta san direban danfo ba

Shekaranjiya a wajen ɗaurin aure a Agege, wani ƙanena mai karatun injiniya ya jawo ni gefe ya nuna min bidiyo a wayarsa. Hanya ce aka zana a kwamfuta, motoci na bin juna a jere kamar 'ya'yan carbi, ko alamar gosulo babu. Ya ce, "Yaya, ai yanzu kafin a kwaɓa siminti kwamfuta ta riga ta faɗi abin da zai faru." Zumuɗinsa ya burge ni, amma maganar ta tsaya min a rai.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin magudanan ruwa a Legas, kuma kullum da kwaikwayon kwamfuta, wato gwada aiki a allo kafin a gina shi, nake cin abinci. Ina son sa ƙwarai. A yini guda zan gwada kwalbati iri ashirin, in saukar musu da ruwan sama mai ƙarfi, in ga wadda za ta cika ta tumbatsa, ba tare da an fasa buhun siminti ko ɗaya ba. Katangar da ke tare teku a Eko Atlantic, sabon birnin da ke bakin tekun Legas, ita ma sai da aka gina ƙaramin samfurinta a Danmak, aka yi ta buga masa igiyar ruwa a cikin tanki. Wannan hankali ne.

Sai dai abin da ka faɗa wa na'urar shi take sani. Na taɓa lissafa magudanar wata unguwa a wajajen Ajah, komai ya fito daidai a allo. Damina ta farko ruwa ya shiga gidajen mutane har gwiwa. Da muka bi sawun ruwan, sai muka tarar bakin babban lambatun da muke zuba masa ya cike da yashi da ledar fiyawata, ga tabkin Legas ya kumbura yana mayar da ruwa baya. Ni kuma a lissafina na ɗauka hanyar a share take. Kwamfutar ta amsa tambayar da na yi mata daidai, tambayar ce ba ta dace da wurin ba. Har yau ina tuna wata tsohuwa da na gani tana shanya katifarta a kan katanga, kuma nauyin wannan yana wuyana.

Kada a ce matsalar Najeriya ce kawai. A Yunin 2000 aka buɗe gadar ƙafa ta Millennium a Landan, bayan kwana biyu aka rufe ta saboda tana lilo. Da gadar ta ɗan motsa gefe, sai masu tafiya suka riƙa daidaita takunsu da motsin don kada su faɗi, takun nasu kuma ya ƙara mata lilon. Manyan injiniyoyi ne suka yi lissafin, amma wannan ɗabi'ar ta ɗan Adam ba ta shiga ciki ba. Sai a Fabrairun 2002 aka sake buɗe ta, bayan an ɗaura mata na'urorin shanye motsi.

To ina ga hanyar Legas? Motar da ke cikin bidiyon ƙanena ba ta tsayawa tsakiyar titi a Oshodi ta ɗauki fasinja kamar danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas. Ba ta san tireloli na iya kwana a layi a hanyar Apapa suna jiran shiga tashar jiragen ruwa ba. 'Yan'uwanmu direbobin da ke wannan layin sun fi kowace manhaja sanin inda hanya ke shaƙewa da ƙarfe nawa, amma da wuya a tambaye su.

Shi ya sa idan aka kawo min sakamako, kyawun hoton ba ya ruɗa ni. Nakan ce a saka wa lissafin ruwan da aka yi bara, mu ga ko zai nuna ambaliya a titunan da muka san ta ci. Idan ya kasa faɗin abin da ya riga ya faru, da wane dalili zan yarda da shi kan gobe? Sannan in tambayi wanda ya je wurin da ƙafarsa ya auna, da kuma watan da ya je, don awon rani daban yake da na Yuli.

Na ce wa ƙanen nawa ranar Asabar ya zo da takalmin roba da littafin rubutu. Akwai wata kwalbati a Idi-Araba da nake so mu auna zurfin taɓon da ke cikinta, sannan mu dawo gida mu saka adadin a kwamfutarsa.