Ka Dubi Shukarka, Ka Rubuta Abin da Ka Gani

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan'uwana maza da mata na Mai Wurno da Sinnar da Gadarif a ƙasar Sudan, da waɗanda yaƙi ya tarwatsa zuwa wasu garuruwa.

A cikin Suratul An'am, aya ta 99, bayan Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci ruwan da yake saukarwa daga sama da tsiron da yake fitarwa da shi, ya ambaci dabino da inabi da zaitun da rumman, sai ya umarce mu da mu dubi 'ya'yan itacen idan ya yi 'ya'ya, mu kuma dubi nunarsa. Wannan umarni ne na dubawa, kuma a ganina yana cikin waɗanda muka fi yi wa riƙon sakainar kashi, duk da cewa mu jikokin manoma ne, waɗanda suka taso daga Arewacin Najeriya bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903 suka yada zango a bakin kogin Nilul Azraƙ, suka rayu da fartanya. Mutum zai shiga lambunsa ya yi ban ruwa, ya tsinki kubewa, ya fita, alhali gangar jikinsa ce kawai ta shiga, zuciyarsa tana can wajen labarin da ya gani a waya.

Tun da aka fara wannan yaƙi a watan Afrilun 2023 barci ya ƙaurace wa idanun da yawa daga cikinmu, har da ni. Abin da Allah ya sa ya zama sanadin kwanciyar hankalina shi ne littafin rubutu irin na 'yan makaranta da fensir, waɗanda nake ajiyewa cikin leda a gefen randa. Idan na idar da sallar asuba na gama azkar, sai in bar wayata a ɗaki, in tsuguna a gaban kunyoyin da ke bayan gida, in rubuta layi uku ko huɗu game da abin da idona ya gani: ranar da na zuba iri, ranar da ya huda ƙasa, ganyen da ya canja launi, yawan ruwan da na ba shi.

Hikimar rubutun ita ce yana tilasta wa ido ya tsaya. Na yi shekaru ina shuka kubewa, ina busar da ita ana daka mana ta miya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira weka, amma sai da na fara rubutu na lura cewa furenta ruwan ɗorawa ne mai ja a tsakiya, yana buɗewa da safe, kafin yamma ya yanƙwane, sannan bayan kwana huɗu zuwa shida ɗan kubewar ya isa tsinka. Fure ɗaya, yini ɗaya, kuma ban taɓa tsayawa na gaishe shi da tasbihi ba. Ranar da na rubuta wannan sai na ji nauyin tambayar Ubangiji a Suratul Waƙi'a, aya ta 63 da ta 64, inda yake tambayarmu game da abin da muke nomawa: shin mu ne muke tsirar da shi, ko kuwa shi ne mai tsirarwa? Wanda ya ga a rubuce cewa nasa aikin bai wuce tona rami da zuba ruwa ba, sauran duk ya gudana yana barci, to zai sami sauƙin miƙa wa Allah sauran lamuransa da suka fi ƙarfinsa.

Kada a rubuta nasara kaɗai. A rubuta ranar da iska mai ƙura ta kwantar da yakuwa, da ranar da tsutsa ta cinye lalo, domin idan shekara ta zagayo aka buɗe shafin za a ga cewa asarar ta wuce kuma an sake shuka. Akwai safiyar da na tarar tsuntsaye sun yi wa tumatirina ɓarna, raina ya ɓaci, na ɗauki fensir zan rubuta asara, sai na tuna hadisin Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face ya zama sadaka gare shi. A wannan shafin na rubuta: yau na yi sadaka da tumatir bakwai.

Sai dai ina jan kunnen kaina da naku a kan abu biyu. Littafin ba ya maye gurbin zikiri, domin Allah ya faɗa a Suratur Ra'ad, aya ta 28, cewa da ambatonsa ne zukata ke natsuwa; aikin littafin shi ne ya tattaro zuciyar da ta warwatse ya kawo ta bakin ƙofar ambaton. Sannan kada ya zama kundin alfahari, ana ɗaukar hotonsa ana bazawa don a yaba. Mai gonaki biyu na Suratul Kahfi ya shiga gonarsa yana taƙama, abokinsa ya ce masa me ya hana shi faɗin masha Allah, la ƙuwwata illa billah a lokacin da ya shiga. Da wannan kalma nake buɗe kowane shafi, kuma ina ba ku shawarar ku yi haka.

'Yar'uwa da ke zaman gudun hijira a ɗaki ɗaya, na san ba ki da fili, amma tsohon bokiti da aka huda gindinsa aka cika da ƙasa da ɗan taki ya isa ya riƙe albasa ko na'ana'a. Ki sa yaranki su riƙa dubawa suna faɗa miki kina rubutawa, ko da da ajami ne, ko a bayan kwali. Ni kuwa gobe in Allah ya kai mu zan zuba sabon irin kubewa a kunyar da ke kusa da katanga, na riga na jiƙa shi tun da yamma, na kuma rubuta ranar a sabon shafi.